Kafin Ka Yi Magana da Bot: Yadda Za Ka Nemo Direban da Ya Dace da Katin Hotonka

Wata Asabar da hantsi wani matashi mai tace bidiyon biki ya shigo shagona rungume da kwamfutar tebur, gumi na bin ƙeyarsa. Yana da aikin ɗaurin aure da zai miƙa ranar Litinin, ga shi da zarar ya buɗe manhajar tace bidiyo sai allon ya yi baƙi ƙirin, ya dawo, ya sake ɗaukewa. Ya zaro waya ya nuna mini hirar da ya kwana yana yi da bot ɗin wani kamfani, wato manhajar da ke amsa tambayoyi a akwatin hira a madadin mutum. Sau uku yana ba shi sunan katin hoton kwamfutar, sau uku ana turo masa sabon direba, wato manhajar da ke sa Windows ya iya aiki da katin, duk datarsa ta ƙare a kan saukewa.

"Malam, wallahi duk abin da ya ce na yi, na yi."

Na ce, "Ƙanena, wa ya gaya maka sunan katin nan?"

"Ga shi nan a rubuce a jikinsa."

Da muka leƙa cikin katin da manhaja, sai ga shi ƙwaƙwalwar da ke ciki ta girmi sunan da aka liƙa a jiki da shekaru. Wanda ya sayar masa ya yi wa tsohon kati sabuwar riga. Bot ɗin ya amsa tambayar da aka yi masa daidai, sai dai tambayar a kan wani kati ce daban, wanda ba ya cikin kwamfutar. Tun ranar nake gaya wa duk wanda ya zo da irin wannan matsala cewa ya fara sanin katinsa tukuna, sannan ya buɗe akwatin hira.

Mataki na farko: tambayi kwamfutar, ba kwalin ba

Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta devmgmt.msc, ka danna Enter. A jerin da zai fito, wanda ake kira Device Manager, ka buɗe Display adapters. Idan ka ga Microsoft Basic Display Adapter, to babu direban kirki a kan katin, Windows ne ke lallaɓa shi da na wucin gadi. Ko wane suna ka gani, kada ka tsaya nan. Danna sunan sau biyu, ka shiga Details, ka zaɓi Hardware Ids. Za ka ga layi mai fara da PCI, sai VEN da lamba huɗu, sai DEV da lamba huɗu. VEN shi ne kamfanin da ya ƙera ƙwaƙwalwar: 10DE na NVIDIA ne, 1002 na AMD, 8086 na Intel. DEV kuma shi ne takamaiman samfurin. Manhajar saka direba wannan lambar take dubawa, ba ruwanta da abin da aka buga a kwali. Ka kwafe layin nan ka ajiye, za ka buƙace shi har ƙarshen tafiyar.

Ga dalilin da nake nanata wannan. Katin GeForce GT 730, wanda ya cika kwamfutocin ofis da na hannu, suna ɗaya ne amma ba ciki ɗaya ba. Akwai wanda aka gina a kan tsohuwar ƙira ta Fermi, lambarsa DEV_0F02, akwai kuma na ƙirar Kepler mai lamba DEV_1287. Na Fermi direbansa ya tsaya a 391.35 tun watan Maris na 2018. Na Kepler ya ci gaba har reshen 470, wato direbobin da lambarsu ke cikin jerin 470. Mai na Fermi da ya sauke direban Kepler zai ga manhajar ta tsaya cak tana cewa ba ta sami katin da ya dace ba, alhali katin na nan lafiya lau. Ka ce wa bot "ina da GT 730" kawai, ba shi da hanyar sanin wanne ne a cikin biyun, kuma yawanci ba zai tambaye ka ba.

Sai ka ƙara shaida ta biyu. Akwai ƙaramar manhaja kyauta mai suna GPU-Z ta TechPowerUp, tana nuna sunan ƙwaƙwalwar, yawan ƙananan injinan lissafin da ke cikinta, da irin ma'ajiyar katin. A kan GT 730, idan ta nuna 96 a gurbin Shaders to Fermi ne, idan 384 ne to Kepler. Tun 2018 manhajar take rubuta FAKE gaban sunan wasu katunan bogi da ta gane, irin tsoffin GTS 450 da ake sauya wa bayanan ciki su riƙa kiran kansu GTX 1050 Ti. Da ita muka kama katin wancan matashi.

Kafin ka bar wannan mataki, rubuta winver a akwatin Windows da R don ka san wane Windows kake kai da lambar gininsa. Sannan ka rubuta dxdiag, ka bari ya gama lissafi, ka danna Save All Information. Fayil ɗin rubutu zai ba ka. Ajiye shi.

Mataki na biyu: katin naka yana cikin waɗanda ake ci gaba da kulawa da su?

Nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami, domin an saba jin cewa sabon direba shi ne magani. Kamfanonin nan uku kowanne yana da lokacin da yake sauke tsoffin katuna daga babban layi, ya bar su da direba na ƙarshe ko ya riƙa yi musu gyaran tsaro kawai.

A wajen NVIDIA, bayan Fermi a 2018, an sauke katunan tebur na Kepler a 2021, wato mafi yawan jerin GTX 600 da 700. A shekarar ne kuma aka daina fitar da direban wasanni na Windows 7 da 8. Ka lura, GTX 750 da 750 Ti ba Kepler ba ne duk da lambarsu, Maxwell ne. Su da jerin GTX 900 da GTX 10 reshen 580 ne na ƙarshe gare su: sabunta wasanni ya tsaya a Oktoban 2025, gyaran tsaro zai ci gaba zuwa Oktoban 2028. Mai GTX 1060 ko 1050 Ti na gaske ya san da wannan.

AMD ta sauke jerin Radeon HD 7000, da R7 da R9 na 200 da 300, da Fury a watan Yunin 2021, daga baya ta fitar musu da direba 22.6.1 a 2022. Katunan RX 400 da 500 da Vega kuma tun 2023 aka ware musu nasu reshen, ba sa samun duk abin da sababbi ke samu. Intel ita ma a Yulin 2022 ta mayar da hoton cikin furosesa na ƙarni na 6 zuwa na 10 tsohon layi. Wannan ya shafi tarin laftof da ke hannun ɗalibai da ma'aikata: HP EliteBook 840 G3, alal misali, HD Graphics 520 ke cikinta, ta ƙarni na 6.

Hanyar tabbatarwa guda ce. A shafin da za ka sauke kowane direba akwai jerin katunan da yake ɗauka. NVIDIA na sa shi ƙarƙashin Supported Products, AMD a cikin Release Notes, Intel a ƙasan shafin. Idan sunan katinka ba ya cikin jerin, kada ka sauke, ko wa ya turo maka adireshin. Direba ɗaya yakan haura megabait 600, ba abin wasa ba ne ga mai sayen data.

Mataki na uku: idan laftof ce, ƙofar farko daban take

Direban hoto na laftof sau da yawa kamfanin da ya haɗa laftof ɗin ne ya gyara shi ya dace da hasken allo, batir da maɓallan injinsa. Don haka ka fara da shafin HP, Dell, Lenovo ko wanda ya ƙera taka, ka saka lambar jikin injin da ke ƙarƙashinta, ka ɗauki direban da suka ajiye. Sai idan nasu ya tsufa har wata manhaja ta ƙi aiki sannan ka gwada na kamfanin ƙwaƙwalwar. Wasu tsoffin laftof ma manhajar Intel za ta ƙi shiga, ta ce ba a tantance direban da wannan kwamfuta ba, ka koma wajen wanda ya ƙera ta. Wannan ba lalacewa ba ce.

Laftof mai kati biyu, ɗaya na Intel ko AMD a cikin furosesa, ɗaya na NVIDIA ko Radeon a gefe, tana buƙatar direbobi biyun su zauna lafiya. A mafi yawansu hoton da kake gani ta ƙaramin katin yake fitowa ko da babban ne ya yi aikin. Na sha ganin wanda ya sabunta babban sau biyar, ashe ƙaramin ne ke da matsala. Ka fara da na cikin furosesa, ka sake kunna injin, sannan babban.

Mataki na huɗu: tabbatar direba ne mai laifin

Abubuwa uku da ido ake duba su. A kwamfutar tebur, wayar allon tana jikin katin ko tana jikin babban faifan uwa? Wayar wuta mai baki 6 ko 8 ta shiga katin sosai? Fanka na juyawa, ko ƙurar hunturu ta toshe ta? Kati mai zafi yana yin duk abin da gurɓataccen direba ke yi.

Sannan ka karanta alamun. Lamba 43 a Device Manager na nufin Windows ya dakatar da katin saboda ya kai ƙarar matsala. Direba na iya jawo ta, mataccen kati ma na iya jawo ta, haka katin da aka taɓa bayanan cikinsa. Wannan na ƙarshe ya yi yawa a RX 470, 570 da 580 na hannu da aka yi haƙar kuɗin intanet da su, domin direban AMD yana ƙin katin da aka sauya wa BIOS, wato bayanan cikin nan nasa. Idan allon ya ɗauke na ɗan lokaci ya dawo, Windows ne ya jira katin daƙiƙa biyu bai amsa ba, ya sake tayar da direban. Za ka ga shaidar a Event Viewer, inda Windows ke rubuta abubuwan da suka faru, da lamba 4101. Idan ya kai ga shuɗi ko baƙin allo mai rubutun VIDEO_TDR_FAILURE, duba sunan fayil ɗin da ya ambata: nvlddmkm.sys na NVIDIA ne, atikmdag.sys ko amdkmdag.sys na AMD, igdkmd64.sys na Intel. Ɗauki hotonsa da waya. Idan kuma allon ya daskare kana tsakiyar aiki, danna Windows, Ctrl, Shift da B tare, sau da yawa yana farfaɗo da hoton ba tare da ka rasa aikinka ba.

Tambaya mafi amfani ita ce: yaushe abin ya fara? Idan bayan sabuntawa ne, koma Device Manager, shafin Driver, ka danna Roll Back Driver in yana aiki. Minti biyu ne, kuma ya raba ni da matsaloli da yawa.

Mataki na biyar: wanke tsohon, saka wanda ya dace

Sauke direban da ka tantance tukuna, ka ajiye a inda za ka gan shi. Daga shafin kamfanin kawai: nvidia.com, amd.com, intel.com, ko na wanda ya haɗa laftof. Manhajojin nan masu alƙawarin sabunta duk direbobinka da danna ɗaya, ni ba na bari su kwana a injin da na gyara.

Kada ka fara sai wuta ta tabbata. Laftof ta cika caji, kwamfutar tebur tana kan UPS ko inbata. Ɗaukewar wuta ana tsakiyar saka direba tana iya barin ka da baƙin allo.

Gwada hanya mai sauƙi da farko. A manhajar NVIDIA zaɓi Custom, ka yi alama a Perform a clean installation. A ta AMD akwai Factory Reset, akwai kuma AMD Cleanup Utility. Idan bai yi ba, ko kuma ka sauya kati daga wani kamfani zuwa wani, sai a ɗauko DDU, wato Display Driver Uninstaller na Wagnardsoft, a yi aiki da shi a Safe Mode, wato yanayin da Windows ke tashi da abubuwan dole kawai. Kafin ka shiga, ka tabbata ka san ainihin kalmar sirrin asusunka ba lambar PIN kaɗai ba, kuma idan injin na da BitLocker, wato tsarin Windows mai kulle bayanan diski, ka nemo makullin ceto ka rubuta a takarda. Sai ka cire intanet, ka riƙe Shift ka danna Restart, ka bi Troubleshoot, Advanced options, Startup Settings, ka sake danna Restart, sannan ka danna 4 don shiga Safe Mode. Gudanar da DDU, bari injin ya sake tashi, ka saka direbanka, sannan ka mayar da intanet. Cire intanet ɗin nan ba ƙawa ba ce: idan ka bar ta, Windows Update zai riga ka ya cusa nasa direban, ku yi karo.

Ga masu tace bidiyo da zane, NVIDIA na da layi biyu tun 2019, Game Ready da Studio. Na Studio ba ya yawan sauyawa kuma ana gwada shi da manhajojin aiki, shi nake sa wa duk wanda abincinsa ke kan Premiere Pro ko DaVinci Resolve. Mai katin Intel Arc kuma ya duba BIOS ɗin kwamfutar, wato saitin da ake shiga kafin Windows ya tashi, ya kunna zaɓin Resizable BAR, in ba haka ba katin zai yi ta jan ƙafa, kuma babu direban da zai gyara wannan.

Mataki na shida: yanzu ka buɗe hirar

Idan duk wannan bai warware ba, lokacin neman kamfanin ya yi, kuma yanzu kana da abin faɗa. Amma ka san ƙofar da za ka buga. NVIDIA da AMD ƙwaƙwalwa suke ƙerawa da direba. Mafi yawan katunan da ke kasuwa ASUS, MSI, Gigabyte, Zotac, Sapphire da makamantansu ne suka haɗa su. Matsalar direba ta mai ƙwaƙwalwa ce, amma fanka da ta mutu, ko garanti, na wanda ya haɗa katin ne ko wanda ya sayar maka. Katin hannu kuwa galibi ba shi da garantin kowa sai amanar mai shago.

Bot iri biyu za ka haɗu da su. Na farko jerin zaɓi ne, ka danna wannan ya kai ka wancan, ƙarshensa ya miƙa maka wani rubutaccen bayani. Na biyu yana rubutu kamar mutum, yana ɗebo amsa daga rumbun bayanan kamfanin. Na biyun ya fi daɗin hira kuma shi ya fi buƙatar taka-tsantsan, don yakan faɗi abin da ba haka ba da cikakken ƙarfin gwiwa. Dukkansu ba sa ganin kwamfutarka. Abin da ka rubuta shi ne duk duniyarsu.

Saboda haka kada ka fara da "katina ba ya aiki". Ka tattara komai a saƙo ɗaya, da gajeren Turanci tunda shi suka fi ganewa, layi bayan layi: sunan katin da lambar VEN da DEV, tebur ko laftof da samfurinta, Windows da lambar gininsa, direban da ke kai yanzu, saƙon kuskuren harafi da harafi, abin da kake yi lokacin da yake faruwa, da abubuwan da ka riga ka gwada. Wannan na ƙarshe shi ke hana a mayar da kai baya a ce ka sake kunna injin. Game da lambar direban NVIDIA, Device Manager yana nuna ta da tsawo, kamar 32.0.15.6094. Ɗauki lambobi biyar na ƙarshe, ka sa ɗigo kafin biyun ƙarshe: 560.94. Da wannan sigar kamfanin ya san direbansa.

Duk direban da bot ya ba ka, ka ce ya ba ka adireshin shafin, ka buɗe, ka nemo katinka a jerin nan da muka yi magana. Idan ya ce katinka na cikin waɗanda ake tallafawa amma jerin bai nuna ba, jerin ne mai gaskiya. Idan ya ba ka shawarar taɓa rajistar Windows ko sauya BIOS ɗin katin, dakata, wannan sai da bakin mutum.

Amsa iri ɗaya ta maimaitu sau biyu, to ka kai iyakar abin da bot ɗin ya sani. Rubuta masa talk to an agent, ko ka nemi wurin buɗe tikiti, wato shigar da ƙorafinka a rubuce, a shafin tallafi. A tikitin ka liƙa fayil ɗin dxdiag da hotunan da ka ɗauka. Intel kan nemi rahoton System Support Utility ɗinta. AMD na da Bug Report Tool a cikin manhajar Adrenalin, mai tura rahoto kai tsaye ga injiniyoyi, ko da yake ba hanyar samun amsa ba ce. Mai katin NVIDIA da ke amfani da Linux a maimakon Windows ya gudanar da nvidia-bug-report.sh ya haɗa da abin da ya fitar.

Karɓi lambar tikiti, ka kuma ɗauki hoton hirar gaba ɗaya, musamman idan bot ɗin ya yi maganar garanti ko mayar da kuɗi. A Fabrairun 2024 wata kotun ƙananan ƙararraki a lardin British Columbia na Kanada ta umarci kamfanin jiragen Air Canada ya biya wani fasinja diyya saboda bayanin kuskure da bot ɗin shafinsu ya ba shi kan rangwamen kuɗin jirgi, kuma hoton hirar da fasinjan ya ajiye yana cikin hujjojinsa. Dokar can ba tamu ba ce, amma ma'aikacin da zai karɓi tikitinka shi ma zai so ganin abin da aka riga aka gaya maka.

Wani abu da ke damuna ƙwarai: masu damfara suna sayen talla a shafin bincike da sunan sashen tallafi na manyan kamfanoni. Ka shiga hira daga shafin kamfanin da ka rubuta adireshinsa da hannunka. Wanda ya ce ka biya kafin ya ba ka direba, ko ka sa manhajar da zai shiga kwamfutarka daga nesa bayan shi ne ya fara nemanka, rufe kawai. Direbobin nan kyauta ne.

Amsar mutum takan ɗauki kwana ɗaya ko fiye, don haka kada ka zauna jira da aiki a wuyanka. Koma kan direban da ka san ya taɓa yi maka aiki, tsoffin suna nan a rumbun shafukan kamfanonin. Wancan matashi haka muka yi masa: muka wanke injin da DDU, muka saka tsohon direban da ya dace da ainihin ƙwaƙwalwar katin, allon ya daina ɗaukewa, ya gama aikin bikin da daren Lahadi ko da yake a hankali. Kafin ya tafi na kwafa masa direban a filashi, na rubuta lambarsa da lambar DEV ɗin katin a kan farin tef, na liƙa a cikin murfin kwamfutar, sannan na rubuta masa a takarda abin da GPU-Z ta nuna don ya kai wa wanda ya sayar masa da katin.